Jar Wayar da Ta Kai Ni Garwa

Tunda na dawo daga Garwa ban huta ba. In na zauna wajen mai shayi a Ƙofar Dumi, tambaya. In na fito daga masallaci ina laluben takalmina, tambaya. "Bala, yaya Kamaru? Da gaske ne takanas aka kira ka ka tayar da motar da ta gagari Faransawa?" Wannan zancen Faransawan ni na fara yaɗa shi ranar da na sauka, kuma ƙarya ce. Ban ga Bafaranshe ko ɗaya ba. To bakina ya gaji, shi ya sa na sayi littafi na zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Aji biyu na yi a sakandare aka cire ni, saboda haka mai neman tsararriyar magana ya nemi wani.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Bala Jar Waya, mai gyaran wayarin mota. Sunan bai zo a banza ba. Duk motar da ta fito daga kamfani, kowace waya da launinta, kore, shuɗi, rawaya mai ratsin baƙi, don duk wanda ya buɗe ya san wacce ta tafi ina. Ni kuwa in na yi maka gyara, ja nake sa wa, duka. Ba don arha ba. Tun da masu kwamfuta suka cika gari, mutum ya soka na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta maka Turanci, a riƙa ce masa injiniya, ni da na haura shekara ashirin ina kwanciya a ƙarƙashin mota ana ce min ɗan gargajiya, sai na ce to, ni ma zan yi wa kaina katanga. Motar da na taɓa babu mai gane kanta sai ni. Alamata 'yar tsaga ce da nake yi da bakin filaya a ƙarshen kowace waya, ɗaya, biyu, uku, ni kaɗai na san ma'anarsu. Soket kuwa, wato 'yar robar nan da ke haɗa waya da sensa mai kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto, in ya ba ni wahala yanke shi nake in jefar, in murɗa wayar kai tsaye a ƙafar sensa, in ɗiga gam, in naɗe da salatif. Dairek muke ce masa.

Bara ɓeraye suka cinye wayoyin motar Buba. Buba taubashina ne, ɗan Goggo Hajara ƙanwar mahaifina, wadda ta auri Bafulatani suka zauna a Inkil. Da motar nan yake jigilar fasinja, 'ya'yansa bakwai a cikinta suke ci. Ya ajiye ta kusa da rumbun masara, ɓeraye suka yi biki. Na zare wayoyi goma sha huɗu tun daga ƙwaƙwalwar motar har kan inji, na mayar da ja, na jefar da soket uku. Ta tashi, ya yi godiya irin ta taubashi, wato ya zage ni, ya tafi.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar sai ga wayarsa da baƙuwar lamba.

Na ce, "Bawana, ina ka shige?"

Ya ce, "Bala, ba wasa na kira ba."

Tunda muka tashi ban taɓa ce masa bawa bai rama ba. Na gyara zama.

Ashe Goggo ya kai ta'aziyya Garwa wajen dangin mahaifinsa. Sun shiga ruwa a wata kwana, motar ta mutu, ta ƙi tashi. Takardar da aka ba shi a iyaka ta shiga da mota kuma ranar Juma'a take ƙarewa. In ba ta fita ba kafin nan, jan ta za a yi a kai ta inda ake tara irinsu.

Ya ce, "Na je na ga wurin da idona. Akwai motar da ciyawa ta tsiro a kujerarta. Masu wayarin uku sun duba. Na farko ya kwance salatif ɗinka, na biyu ya yi salati ya rufe bonet, na uku ya tambaye ni wai laifin me na yi wa wanda ya yi aikin."

Ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji daɗi ne. Ga ƙasa guda ta rasa yadda za ta yi da aikina. Matata Asabe na tsaye tana ji, ta ga fuskata, ta ce, "Au, murmushi ma kake yi? Goggonka na zaune a ƙasar mutane kai kana washe baki?" Ta shiga ta haɗa min kaya, da ƙuli-ƙuli da garin kunu a leda. Ni kuma na sa filaya, da fitilar gwaji, da salatif, da sabon naɗin jar waya.

Litinin da sassafe na shiga motar Yola. Mu biyu a kujerar gaba, ni da wani mai sayar da shanu wanda cinyarsa ɗaya ta kai ni duka. Daga Alƙaleri zuwa Gombe ƙafata ta hagu ta daina zama tawa. Mun wuce Kaltungo kaɗan sai inji ya fara tururi. Direba ya tsaya, ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallo irin kallon da direbobi ke yi wa inji, kamar zai ba shi amsa. Na leƙa na ga fanka ba ta juyawa. Ban ma yi wani dogon bincike ba, na yanke soket ɗin sensar zafi, na wurga shi cikin ciyawa, na ja jar waya dairek. Fanka ta ɗauka. Mota ta kaure da sa albarka, mai shanu ya ba ni goro har biyu, ya ma ɗan matsa min wuri.

Wata malamar makaranta da ke baya ce kawai ba ta yi murna ba. Ta ce, "Malam, abin da ka jefar ɗin nan, su waɗanda suka ƙera motar ba su san amfaninsa ba ne suka sa shi?"

Na ce, "Hajiya, da kin ce a jira waɗanda suka ƙera ta su zo daga ƙasarsu, da mun jira."

Aka yi dariya. Ku riƙe maganarta, za mu dawo kanta.

Mun tsallake gadar Numan rana ta yi sanyi, muka shiga Jimeta da magariba. A ɗakin 'yan tasha na kwana, kan tabarma, tare da sauro irin na bakin kogi, waɗanda ba sa kuka sai dai ka ji aiki. Amma kifinsu, gaskiya ɗaya ce, mu a Bauchi ƙaya muke ci da sunan kifi. Da safe na canja kuɗi, na miƙa damin naira aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika aljihun riga ba. Na tsaya ina jiran sauran, mai canjin ya ce, "Malam, akwai mutane a bayanka."

Hanyar iyaka ta Belel muka bi. Ba zan ce mata hanya ba, wuri ne da motoci suka saba bi. A iyakar aka tambaye ni katin rigakafi. Na ce ni mai wayarin ne, ba mara lafiya ba. Aka nuna min wata rumfa. Ni da wutar koyil ɗin mota ta sha jan hannuna ban yi ƙara ba, sai ga ni na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace, wata mata kuma tana soka min allura tana hira da ƙawarta ko kallona ba ta yi.

A ɓangarensu jandarma, wato ɗan sandansu, ya zazzage jakata. Ya ɗauko fitilar gwaji, ya ga tsini kamar basilla, ya yi min tambaya da Faransanci. Na amsa da Hausa. Ya ƙara da ƙarfi, ni ma na ƙara da ƙarfi. Da abin ya ƙi, sai na nuna masa babur ɗinsa da ke jingine, na maƙala kan fitilar a batir, na taɓa tsinin, ta kama. Fuskarsa ta sake. Ya ja ni ya nuna min sigina ɗinsa da ba ya yi. Ƙwan ne kawai ya saki, na murɗa shi. Mutumin nan ya mayar min da kayana cikin jaka da hannunsa, ya saya min ruwan sanyi, ya raka ni har mota. Abin da na lura da shi a can, kowa da katinsa a leda a aljihu, har tsohuwa mai tallan gyaɗa, kuma in mai kaki ya ɗaga hannu ba a yi masa wa'azi. Mu da sai direba ya fara ba shi tarihin wanda ya sani a Abuja.

Da la'asar muka shiga Garwa. Buba ya tare ni a tasha, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya kai ni gidan baffansa, aka ba ni ɗaki ni kaɗai da shimfiɗa mai tsabta. Garin Fulatanci ake yi, kasuwa da masallaci da kan babur. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Kalma ɗaya na kama, "jam", wato lafiya, da ita na amsa komai har na bar ƙasar. Da safe burodi suke ci dogo kamar sanda, bayansa ya yanka min dasashi, a tsaga shi a zuba wake a ciki. Na tambaya ko akwai mai masa a kusa, aka kawo min wani abu da suna kawai ya haɗa su da masar Bauchi.

Abincin gidan kuwa ni na jawo wa Goggo abin kunya. Aka kawo min tuwon masara da miyar yakuwa da nama, aka ja ƙofa aka bar ni. Na cinye, na suɗe kwano, kamar yadda ake nuna wa mai girki an yaba. Washegari aka kawo ninki biyu. Na ce lallai mutanen nan sun san baƙo, na cinye. Sai Goggo ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Bala, yunwa aka yi a Bauchi bayan tahowata?"

Na ce, "Me aka yi, Goggo?"

"Nan in baƙo ya mayar da kwano fes, cewa ya yi bai ƙoshi ba. Matan gidan nan tun jiya suke shawarar wace tukunya za su ɗora maka. Ka riƙa ragewa, don girman Allah, ka bar ni in fita da mutuncina."

Motar tana wani gareji ƙarƙashin bishiyoyin dalbejiya. Laraba da safe na isa ina taku ɗai-ɗai, ma'aikatan wurin suka taru su ga mai jar waya. Na ɗaga bonet. Wayoyina goma sha huɗu ga su nan a baje kamar taliyar da aka zuba wa manja. Na kama ɗaya in duba tsagata. Babu. Na kama ta biyu. Babu. Ashe mutumin da ya fara dubawa ya tarar bakunan sun yi kore saboda ruwa, shi kuma mai tsabtar aiki ne, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya datse, ya fere su tas. Duk alamata ta tafi cikin shara.

Buba ya ce, "Yaya, ka gane su?"

Na ce, "Aikina ne fa."

Ban gane ko ɗaya ba. Shekara guda ta wuce, motoci nawa na taɓa a tsakani. Na fara canke. In haɗa wannan, a murɗa makulli, fis, ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ƙone. In sauya, wani ya ƙone. Da rana ta take, sai na ga kowa ya wanke hannu, an rufe akwatunan kaya, gareji ya watse. Na tambayi Buba ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, haka suke, sai rana ta karya su dawo. Na ce ƙasar da ake barci da rana tsaka yaushe za ta ci gaba. Na faɗa da ƙarfi don a ji, alhali ni da ban yi barcin ba fis biyar na ƙona.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba, wani tsoho da ke zaune a tsohuwar kujerar mota a gindin bishiya. Tun safe yake kallona. Hannayensa rawa suke, in ya ɗaga kofin shayi rabi a ƙasa yake ƙarewa. Na ɗauka irin tsofaffin nan ne da ake bari a gareji don tausayi. Can na gaji, na kama wata waya zan ɗana ta a kan batir in ga me zai motsa, sai na ji murya a bayana da Hausa irin ta Fulani.

"In ka taɓa wannan, ƙwaƙwalwar motar ta tafi. Kuma babu irinta a garin nan."

Na tsaya da waya a hannu. Na ce, "Baba, ka san aikin ne?"

Ya ce, "Me ya sa ja?"

Na ce, "Don kada wani ya taɓa min aiki."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To ai ka samu yadda kake so. Ga shi ba wanda ya iya taɓawa. Har kai."

Da a Bauchi wani ya faɗa min haka, da sai an raba mu. Na juya in ba shi amsa, idona ya faɗa kan Buba. Yana tsugune a jikin tayar motarsa, ya dafe kai da hannu biyu, takardar nan ta leƙo daga aljihunsa. Na ajiye wayar. Na je na tsuguna gaban tsohon na ce, "Baba, na ɓata. Ka nuna min."

Sunansa Baba Hamajoda. Shi ya koya wa mai garejin aiki, da wanda ya datse min alamu, da rabin masu wayarin unguwar. Rawar hannu ta raba shi da aiki. Ya ce, "Ni ina da ido ba hannu, kai kana da hannu. Gobe za mu gani ko kana da kunne."

Alhamis da safe muka hau babur biyu zuwa inda ake farfasa matattun motoci. Tsohon nan ya san kowace gawa a wurin. Ya kai ni kan wata irin ta Buba sak, wadda gabanta ya lotse, damin wayoyinta ya ƙone a tsakiya, amma bakunan suna nan da soket ɗinsu. Na kai filaya zan yanke dab da soket yadda na saba, ya buge min hannu da sandarsa. Ya ce in bar wa kowanne jela kamar taƙi guda, don launin wayar shi ne sunanta.

Da muka dawo ya sa na kwance salatif ɗina na can wajen ƙwaƙwalwa, a ƙarƙashin akwatin gaban fasinja. Ashe guntayen wayoyin kamfani suna nan inda na yi haɗi, kowacce da launinta, na binne su da hannuna na manta. Ya fito da mita mai ƙara daga wata jakar fata. In ɗora baki ɗaya a guntun kore mai ratsin fari, Buba ya riƙa taɓa jajayen a kan inji ɗaya bayan ɗaya, wadda mita ta yi wa kuka ita ce. Sai Baba ya sa in yanki takarda in rubuta "kore da fari" in ɗaure mata. Haka har goma sha huɗu. Aikin da na wuni ina canke, ashe haƙuri kawai yake so.

Wajen haɗi kuma ya hana ni murɗawa. Kowace waya sai an fere ta daidai, a zura mata 'yar robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, a haɗa da dalma, a ja robar a rufe. Na yi ɗaya, ya ce in ja da ƙarfi. Ta cire. Ya ce sake. Buba ya samu bakin magana ya ce, "Baba, a hankali da shi, bawan nawa bai saba aikin 'ya'ya ba." Na ji sanyi a raina, don tunda na zo sai lokacin ya zage ni.

Da rana ta take ranar, ni ma na wanke hannu na zauna a inuwa. Baba ya raba min burodinsa. Muna ci ya ce, "Motoci nawa ka yi wa haka a garinku?"

Na ce, "Da yawa."

Ya ce, "Ranar da ka mutu duk za su bi ka ke nan. Masu su kuma da 'ya'yansu su tsaya a bakin hanya suna yi maka wace addu'a?"

Na ajiye sauran burodin.

Juma'a da hantsi muka gama. Komai a soket ɗinsa, an naɗe, an ɗaure. An riga an kawo Goggo da kayanta tana zaune a benci da carbi, don dole mu kama hanya da an sauko daga masallaci in muna son tarar da masu hatimin iyaka kafin su tashi. Buba ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Shiru. Babu wanda ya kalli wani.

Baba ya ce in sa hannu can ƙasa, in riƙe soket ɗin sensar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inji na juyawa, in girgiza shi Buba na murɗawa. Na yi. Motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu. To na gane, soket ɗin da muka ciro ne ba ya kama ƙafar sensa da kyau. Ladan ya fara gwada lasifika. Na zaro filaya na ce, "Baba, minti biyu. In yanke shi in yi dairek, in mun isa gida na gyara."

Sai ya ɗora hannunsa mai rawa a kan filayar. Ba ƙarfi a hannun, da na so da na fizge. Ya ce, "Ka bi hanyar nan da ka zo. Murɗinka zai kai iyaka? In ya saki a daji, da tsohuwa a mota, wa za ka kira?"

Ya laluba aljihu ya fito da wani siririn ƙarfe, tsawon yatsa, an goge bakinsa ya yi kamar tsinken sakace. Daga cikin tsohuwar waifa mai goge gilashi ya ciro shi ya wasa da kansa. Ya ce a cikin kowane ramin soket akwai ɗan harshe da ke riƙe bakin ƙarfen da waya ke ciki. In zura, in danne harshen, in ja wayar ta baya a hankali. Shekara ashirin da ɗoriya ina yanke soket, ban taɓa sanin ana buɗe shi ba. Na zura, bai fito ba. Na sake, gumi na shiga min ido. Goggo ta ce daga benci, "Bala, in ka karya abin mutane kada ka biyo ni Bauchi." A na uku na ji abu ya saki, bakin ƙarfen ya zamo a tafin hannuna, ɗan mitsitsi. Ya buɗe baki kamar ɗan tsako, cikinsa kore shar. Baba ya sa na goge shi da fetur da 'yar takardar yashi, na matse shi kaɗan da bakin filaya, kaɗan fa, ya ce in na wuce na kashe shi. Na mayar da shi raminsa na tura har ya ce ƙas. Na yi wa sauran ramuka biyun soket ɗin haka. Na maƙala.

Buba ya murɗa sau ɗaya, ta ɗauka.

Ba zan faɗi abin da Buba ya yi ba, don yana da 'ya'ya kuma za su karanta. Ni dai na riƙe hannun tsohon nan da hannu biyu na rasa me zan ce, sai "jam, jam" nake ta faɗa kamar wawa. Na miƙa masa ƙarfensa, ya ce in riƙe, shi ya daina amfani da shi. Na rasa abin ba shi, na ɗauko naɗin jar wayata sabo fil na ce ga tukwici. Ya dube shi ya ce, "Mayar da shi inda ka samo. Ƙasarmu ba ta yi maka laifin komai ba."

Bayan sallah muka kama hanya. Duk ramin da muka faɗa kunnena na kan inji. Ko tari ba ta yi ba. Mun isa iyaka rana ta yi ja, mai hatimi ya riga ya rufe littafinsa yana neman hularsa. Ya dubi takarda, ya dubi agogo, ya dubi Goggo, ya buɗe ya buga. Jandarman nan mai babur yana wurin, ya kunna min sigina daga nesa yana dariya.

Washegari da muka wuce inda motar Yolan nan ta yi tururi kafin Kaltungo, na ce Buba ya tsaya. Na shiga ciyawa ina neman soket ɗin da na wurgar. Buba ya leƙo ta taga ya ce, "Goggo, ga bawanki ya fara kiwo." Ban same shi ba. Direban waccan motar kuwa na neme shi a tasha bayan kwana huɗu, na sa masa wani, don fankarsa tun ranar ba ta huta ba, tana shanye masa batir. Malamar makarantar ce ban san inda zan same ta ba. In wannan ya kai gare ta: Hajiya, sun san amfaninsa.

Kada wani ya ɗauka na dawo waliyyi. Masu kwamfuta har yanzu haushinsu nake ji, kuma mafi yawansu in ka ƙwace na'urar ba su san wuta daga ƙasa ba. Amma na gode wa Allah da ya kai ni inda ba a san ni ba kafin ya kunyata ni. Na gode wa Baba Hamajoda, Allah ya sanyaya masa hannayen nan. Na gode wa matan gidan da suka ɗora min babbar tukunya ba su ce komai ba.

Naɗin jar wayar yana gida. Asabe ta ɗaure shi daga bishiyar gwaiba zuwa tagar kicin tana shanya a kai, ta ce wannan ne aikinsa na farko da kowa ya gane. Saura kuma ku. Duk wanda ya san na taɓa masa mota, daga Ƙofar Dumi har Ɗan Iya har Inkil, ya buɗe bonet ya duba. In ya ga ja ta yi yawa, ya kawo min ita da safe, tun ina da rai kuma tsagar tana nan.